Yadda Shugaban Ofishin Ruwa Zai Zama Gwanin Lakataye Cikin Kwana Ashirin da Uku

Ina taya ka murna. An ba ka shugabancin ofishin ruwa na gunduma, an ba ka kujera mai juyawa, da mota, da ɗaki mai labule biyu. Abin da ya rage shi ne a san ka da wani abu. Wasu shugabannin da aiki aka san su, amma wannan hanya doguwa ce, kuma waɗanda suka bi ta ba mu ga abin da suka tsinta ba sai hawan jini. Ga gajeriya. Ka bi matakan nan bi da bi, ni kuma na yi maka alkawari, cikin kwana ashirin da uku za ka zama mutumin da idan ya shigo taro ba a duban fuskarsa, ba a tambayar aikinsa, ƙirjinsa kawai ake kallo. An gwada hanyar, ba ta taɓa ba da kunya ba.

1. San abin da kake tarawa

Lakataye, wato ƙyallen wuyan nan da ake ɗaurawa a kan shat, iri biyu ne a duniya. Akwai na kanti, wanda inji ke bugawa dubu-dubu, mai ratsi ko ɗigo-ɗigo, irin wanda ake arowa a je neman aiki. Wannan ka bar wa ƙananan ma'aikata. Sannan akwai na rinin kan ruwa, wanda hannu ke yi ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Naka ke nan.

Ka je ka ga yadda ake yi, ko sau ɗaya ne, don ka samu abin faɗa. Akwai wata dattijuwa mai rini da ke aiki a ɗakin bayan gidanta. Kada ka wahalar da kanka da sanin hanya, direba ya sani. Kai dai ka zauna a baya ka duƙufa a kan waya har a ce an iso.

Za ka tarar da wani faffaɗan tire cike da ruwan da aka kaurara har ya yi yauƙi. Za ta tsoma 'yar tsintsiya a fenti ta yarfa a kai, kowane ɗigo ya buɗe ya yi da'ira yana ture ɗan'uwansa, ja ya ture shuɗi, shuɗi ya matse rawaya. Ta ja tsinke ta kai ta kawo, ta bi da wani katako mai haƙoran ƙusa kamar matsefi. Sai ta ɗauko ƙyallen silikin da ta jiƙa da alif tun jiya ya bushe, ta shimfiɗa a hankali, ta ɗaga. Duk abin da ke saman ruwan ya koma jikin ƙyalle. Ragowar fentin kuma ta ɗora masa yankin tsohuwar jarida ta janye, ruwan ya koma fes kamar ba a taɓa shi ba.

A nan ka ce, "Ikon Allah."

Za ta ce, "Ɗana, matsa baya, numfashinka na kaɗa mini fenti."

Ka matsa. A duk gundumar nan ita kaɗai ce za ta ce ka yi abu ka yi shi a ranar.

2. Koyi bakin masu abin

Wanda ya tara lakataye bai iya maganarsa ba, tsumma ya tara. Haddace sunayen zane huɗu: tsakuwa, ƙashin kifi, gashin ɗawisu, bin iska. Sun ishe ka har ritaya.

Idan aka miƙo maka wani, kada ka ce ya yi kyau. Direba ma ya iya cewa ya yi kyau. Riƙe shi da yatsa biyu, kai shi bakin taga, ƙanƙance ido, ka yi shiru har mai shi ya fara tsarguwa. Sannan ka ce, "Shuɗin ya numfasa, amma an hanzarta matsefi." Ba sai ka san ma'anarsa ba. Na ƙasa da kai ba ya tambaya, na sama da kai ba ya saurare.

Ka kuma sani ido abu ne da ake horarwa. Idan ya horu sosai, duk abin da ya kalla zane yake gani. Tsagewar bango, tsatsar bututu, laimar silin: sauran mutane gyara suke gani, kai kuwa tsari. Wannan shi ake kira gogewa.

3. Samar masa mazauni a gida, da mabiya a ofis

Ba a rataye siliki, nauyinsa na miƙar da shi. Naɗe shi ake yi kamar dodon koɗi a jera cikin durowa. Durowar da ta fi dacewa ita ce wadda matarka ke ajiye ɗankwalayenta. Kwashe su ka zuba mata a jaka.

Za ta tsaya a kanka tana kallo, ta ɗauki ɗaya ta juya. "Baban yara, wannan koren, haka aka yi shi ko wani abu ne ya zube a kai?"

Ka ce haka aka yi shi.

"To ai ka huta. Ko miya ta ɗiga babu mai ganewa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce babbar fa'idar abin ga shugaba: tabo ba ya nunawa. Amma kada ka amsa mata, amsa wa mace gaskiyarta yana jawo wata gaskiyar.

A ofis kuwa ka fara da ƙanin matarka, wanda ka ɗauko ka yi wa mataimaki. A gida Yaya yake ce maka, a ofis Yallaɓai, ma'aikata kuma suna kiransa Hakane, domin ba a taɓa jin wata kalma ta riga wannan fita daga bakinsa ba. Ba shi lakataye ɗaya daga cikin waɗanda ba ka so. Kafin sati ya zagayo, duk wani shugaban sashe zai zo aiki da nasa, har mai kula da sito, wanda wuyansa da haɓarsa suka daɗe da haɗewa.

4. Idan takarda ta shigo

A rana ta huɗu mai gwajin ruwa za ta ƙwanƙwasa ƙofa. Yarinya ce mai farar rigar ɗakin gwaji, Mai Kwalba ake ce mata saboda kullum aljihunta na ƙarar kwalabe. Ba ta iya doguwar gaisuwa ba.

"Yallaɓai, Shiyya ta Bakwai ce. Tankin man janareta ya tsage, dizal na tsiyaya cikin tankin ruwa na ƙasa. Sau uku na gwada. Mutane suna sha, suna girki, suna yi wa jarirai wanka da shi. A kashe injin turo ruwan yau, a tura motocin ruwa kafin a wanke tankin. Injiniya ya shirya, direbobi sun shirya. Sa hannunka kawai ake jira. Ga wurin, na yi alama da fensir."

Lura da kuskurenta. Ta kawo matsala da maganinta a takarda ɗaya. Idan aka bar ma'aikata suka saba da haka, me za a tattauna a taro?

Lura kuma da abin da ba ta sani ba. Ƙarshen wata manya za su zo daga hedikwata, kuma ka riga ka rubuta musu cewa shiyyoyinka goma sha biyu duk lafiya lau. Injin da aka kashe sai an yi bayaninsa. Injin da ke aiki kuwa, ko me yake turawa cikin bututu, aiki yake.

Saboda haka ka ce, "Ajiye, zan duba."

"Yaushe, Yallaɓai?"

"Da zarar na duba."

Kada ka tambayi inda Shiyya ta Bakwai take. A ofis unguwa lamba ce, tana tsakanin shida da takwas, kuma a can ya kamata ta zauna. Lamba ba ta amai, lamba ba ta zawo, ba a goya ta a kai ta asibiti.

5. Fayil abin mayarwa ne

Ƙin sa hannu rashin kunya ne, kada ka yi. Mayar da fayil kuwa ƙa'ida ce.

Rana ta bakwai, mayar mata da shi saboda bangonsa rawaya ne, rahoton gaggawa kuma a kore ake sa shi. Rana ta sha ɗaya, ka ce kwafi uku ake so. Za ta kawo biyar, kada ka nuna ka gani. Rana ta sha huɗu, ka ce sai mataimaki ya fara rubuta ra'ayinsa. Zai rubuta "Haka ne." Ka mayar masa ya fayyace wanne ne haka ne, maganarta ko taka. Wannan kaɗai zai cinye kwana uku, domin tambaya ce da ba a taɓa yi masa ba.

Lokacin da ka samu, kada ka ɓata shi. Kafa zaman ranar Alhamis, daga sha ɗaya zuwa ƙarfe biyu, a ɗakin taro. Kowa ya zo da sabon lakatayensa a shimfiɗa a kan farin tebur, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A rubuta a allon sanarwa cewa taron shugabannin sashe ne kan inganci.

Wata rana za ka ji hayaniya a bakin get. Mata ne da jarkoki, da wasu dattawa biyu, ɗaya riƙe da kwalba yana ɗagawa sama. Sa mai gadi ya ce musu shugaba yana taro. Ba ƙarya ka yi ba, kana taro. Sauke labule na farko, idan muryoyin na shigowa sauke na biyu. Don haka aka yi su biyu. Idan ka ji wani abu ya tsaya maka a maƙogwaro, ba lamiri ba ne, ƙullin ne ya matse. Sassauta shi da yatsa ɗaya ka ci gaba.

6. Idan aka shigo da roba

Wannan shi ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo, ka natsu.

Alhamis ta uku, kuna tsakiyar duban wani ruwan-toka mai ƙashin kifi, ƙofa za ta buɗe ba sallama. Mai Kwalba ce rungume da robar wanki cike da ruwa. Za ta dire ta a tsakiyar tebur, lakataye biyu su jiƙe, mai sito ya yi salati.

"Tunda takarda ba ta karantuwa, ga shi ku gani da ido. Yanzu na ɗebo shi a famfon makarantar firamare."

Ka tashi ka leƙa. A saman ruwan akwai wani siririn maiƙo yana juyawa a hankali, shunayya na shiga kore, kore na narkewa cikin ruwan zinariya, duk inda hasken taga ya taɓa sai launi ya canja. Kada ka ja baya. Duk horon da ka ba idonka, don wannan ranar ka ba shi.

Ka ce, "A ɗaga labule." A ɗaga. Ka ƙanƙance ido. "Bin iska ne. Kuma ba a sa masa matsefi ba."

Hakane zai ce, "Haka ne, Yallaɓai. Ya numfasa."

Shugaban sashen bututu, wanda ya fi kowa ƙwazo a zaman Alhamis, zai ce shi a ganinsa ya fi kusa da gashin ɗawisu. Ka bari a yi muhawara, ilimi ke nan.

Mai Kwalba za ta ce, "Dizal ne fa! Yara ke shan wannan!"

Yanzu ka nuna musu abin da ka koyo a ɗakin rini. Karɓi rahotonta, zare shafin ƙarshe mai alamar fensir, shimfiɗa shi a hankali a kan ruwan, ƙirga uku, janye. Maiƙon zai bi takarda. Saman ruwan zai koma fes. Sai a tafa.

Takardar ba za ta ɗauki launi ba, tabon mai kawai za ka gani. Ka girgiza kai ka ce, "Ba a jiƙa ta da alif ba." Ruwan kuwa ka nuna shi da tafin hannu. "Ga shi, an shawo kan lamarin. A gaya wa jama'a su riƙa share saman."

Za ta dube ka, ta dubi sauran, ta ɗauki kofin shayinka ta zubar da ragowar a tukunyar fure, ta kamfato ruwan ta miƙo maka.

"To bismillah, Yallaɓai."

Shugabanni da dama a nan suke faɗuwa. Kai kada ka firgita. Karɓi kofin, ka gode mata, ka ajiye a gabanka, ka ce, "Ba a shan samfuri, hujja ce. Hakane, a kulle shi a kabad." Sannan ka dubi agogo ka rufe taro. Za ta zaro wani kwafin daga aljihu ta ajiye maka, da sabuwar alamar fensir. Ɗora masa waya.

7. Je ka karɓo na ranar baƙi

Rana ta ashirin da uku, gobe manya za su iso. Ka riga ka ba mai rini aikin wanda za ka tarbe su da shi, shuɗi mai duhu da ratsin jan ƙasa. Je da kanka, irin wannan ba a aike.

Za ka same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hannunta babu fenti.

"Mama, na zo karɓa."

"Babu lakataye, ɗana."

Za ta tashi ta yarfa fenti a tire don ka gani. Ɗigon ba zai buɗe ba. Zai tsage, ya yi ramuka kamar idanu, ya gudu gefe ya dunƙule.

"Sati uku ke nan. Mai ne a ruwan. Kai da suka ce kana da ido, duba mana. Siliki huɗu na ɓata kafin na haƙura. Wannan ma da sauƙi. Jikata kwananta biyar a gadon asibiti, uwarta na can ko gida ba ta zuwa. Sau biyu muna tattaki har ofishin ruwa da ƙafafun nan nawa, aka ce shugaban yana taro. Ko wane ne shi, Allah ya ba shi taron da ba a tashi."

Kada ka ce amin, kada kuma ka ƙi cewa komai. Yi tari.

Sannan ka gwada dabara. "Mama, ai abu ne mai sauƙi. Yanzu zan sa a kawo miki jarka goma na ruwa mai kyau. Zuwa safe ai ya bushe, ko?"

"Jarka goma, ni kaɗai? Maƙwabtana na kallo ina wanke ƙyallen wuya da ruwan da 'ya'yansu ba su samu sun sha ba? Ɗan nan, ka kawo wa layin duka, ko gobe ka ɗaura igiya."

Fito waje. Tsaya a rana. Ga layi, ga jarkoki a jere a bakin kowace ƙofa, ga ƙarar wani inji daga bayan katangar makaranta. Yanzu, kuma sai yanzu, aka yarda ka yi tambayar.

"Direba, nan wace shiyya ce?"

"Ta Bakwai ce, Yallaɓai. Ai ga injin can. Kullum ta gabansa muke wucewa."

8. Sa hannu cikin gaggawa

Shugaba na gari ba ya jinkiri idan lamari ya shafi jama'a. Buga wa Mai Kwalba waya ka ce ta zo yanzu-yanzu, ka kuma tambaye ta me ake jira tun tuni. Cikin minti ashirin za ta sauka daga kan babur da kwafi a hannu. Ɗora shi a kan bonet, nemi alamar fensir, sa hannu.

Daƙiƙa huɗu zai ɗauke ka. Kada ka ƙirga, kada ka bari kowa ya ƙirga.

Ta buga wa injiniya, kana tsaye ƙarar injin za ta ɗauke. Kafin la'asar motocin ruwa uku za su shigo layin, mata su fito da gudu, yara su bi motocin suna ihu.

Mai rini tana bakin ƙofarta, ta ga komai. Za ta dubi takardar, ta dubi biron, ta dubi wuyanka.

"Au. Ashe ɗana kai ne mai taron."

Ta shiga ta rufe ƙofa, ka ji ƙarar sakata. Ba za ta ƙara yi maka rini ba, ko gobe ko baɗi. Kada wannan ya dame ka. Duk masana sun yarda cewa tarin da ba zai ƙara ƙaruwa ba ya fi daraja.

Washegari ka ɗaura tsohon gashin ɗawisunka ka tarbi baƙi. Gaya musu cewa a wani zagayen ba-zata da ka fita da kanka ka gano matsala a Shiyya ta Bakwai, ka kuma magance ta a tsaye, ko ofis ba ka koma ba. Za su jinjina maka. Babbansu zai miƙa hannu ya taɓa lakatayen ya tambayi inda ake samu. Mai Kwalba kuwa, sa Hakane ya buga mata takardar tuhuma mai tambaya biyu: dalilin shigowa da robar wanki ɗakin taro, da dalilin da ya sa ta kwana goma sha tara ba ta nuna wa shugabanni cewa lamarin na gaggawa ba ne. Ba ta awa ashirin da huɗu ta amsa. Aiki ba ya son jan ƙafa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a cikin ciwon ciki, ƙurajen jiki, kwanan asibiti, silikin da ya ɓaci, ko ɗankwalayen da suka yamutse a jaka. Duk wanda ya bi matakan nan ya samu ƙarin girma, shi ya jiyo. Duk wanda ya bi su ya ji kunya, ya tsallake wani mataki ne, ya koma ya duba.

Mazauna Shiyya ta Takwas kuma, waɗanda rahoton ruwansu ya iso jiya a cikin koren fayil kwafi uku, ana ba su haƙuri. An bincika layi-layi, babu mai rini a unguwarsu.